Na sauya wa 350Z bututun iska a gida, ga wutar cek ta kama

Mai Farar Z:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Motata Nissan 350Z ce ta 2004, mai giyar hannu, 'yar Kwatano. Shekara biyu tana hannuna ban canza mata komai ba sai baƙin mai da filogi da birki. Watan jiya ƙanena ya aiko mani da bututun iska na ƙarfe, mai buɗaɗɗiyar filta irin mai siffar mazurari. Ranar Asabar bayan Asuba na jawo ta ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Arkilla, na cire kan batir, na kwance akwatin iyakilina, na mayar da sansar iska kan sabon bututun, na ɗaure komai. Da hanya ta buɗe na ga bakin totur, ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, ya yi baƙi ƙirin, sai na fesa masa abin wanki, na tura faifan da yatsa na goge shi tas.

Da na tashe ta, kukan ya yi daɗi ƙwarai. Amma silo, wato juyin inji a tsaye ba a taka ba, ya ƙi zama, allura tana hawa tana sauka. Na fita hanyar filin jirgi na dawo, ban kai gida ba wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta kama. Jiya da rana kuma na ji ta yi nauyi, ba kamar da safe ba. Me na ɓata?

Ɗan Mabera:
Wa alaikumus salam. Ka cire kan batir minti goma ka mayar, wutar za ta mutu.

Mai Wayarin:
Kada ka yi haka tukuna. Wutar za ta mutu, amma abin da ya kunna ta yana nan, kuma ka goge shaidar da za mu karanta. Kana da 'yar na'urar nan da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari a haɗa da waya? Motar Amurka ce, duk wadda aka yi wa kasuwarsu daga 1996 tana da wannan soket ɗin. Ka karanto mana lambobin.

Oga Bakanike:
Lahiya lau ƙanena. Kahin na'ura, ka ba ni amsa guda. Akwai wani ɗan tiyo baƙi da ka hitowa daga murhin saman inji shi shiga cikin tsohon bututu. Da kac cire tsohon, ina kak kai tiyon ga?

Mai Farar Z:
Oga, bakin da ke jikin sabon bututun ya yi masa ƙanƙanta, ya ƙi kamawa. Sai na toshe bakin da hular roba da ta zo cikin kwalin, shi kuma tiyon na bar shi a rataye. Na ɗauka numfashi kawai yake yi.

Oga Bakanike:
Inna lillahi. Kashe motag ga, kada ka sake hita da ita sai ka gyara wanga. I, numhwashi shikai, amma ciki shika ja, ba waje kaɗai ba. Iskan da ka shiga ta nan cikin cikin inji shika bi, inda baƙin mai ya ke, kana shi wuce manihol, inda iska ka rarrabuwa zuwa silinda. Dauri ta bayan filta shika ɗibar iska mai tsabta. Yanzu ka bar mai baki buɗe ga ƙurar Sakkwato. Kwana nawa ka yi kana yawo hakan ga?

Mai Farar Z:
Kwana uku. Bai fi kilomita sittin ba duka. Na karanto lambobin: P0171 da P0174 da P0507.

Injiniya:
To, lambobin sun yi daidai da maganar Oga. Bari in warware su yadda kowa zai bi.

Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Kwamfutar mota ba ta ganin iska da ido, sansar da ka mayar kan bututu ita ke gaya mata nawa ya shiga, ita kuma ta ba nozul umarnin mai daidai da haka. Duk iskar da ta shiga inji ta bayan sansar, ba a ƙirga ta ba. Sai mai ya yi kaɗan, sansar hayaƙi ta kai ƙara, kwamfuta ta yi ta ƙara mai har ta kai iyakar da aka ba ta, sai ta kunna wuta. P0171 na nufin mai ya yi kaɗan a layi na ɗaya, P0174 a layi na biyu. Injinka V6 ne, silinda uku kowane gefe. Tunda gefe biyun suka yi kuka tare, matsalar tana wurin da suka yi tarayya, wato bututu da totur da manifol, ba nozul ɗaya ko filogi ɗaya ba.

Amma ina shakkar tiyon shi kaɗai ya kawo wannan hawa da saukar. Ka sa hannu ka shafa ƙarƙashin robar da ta haɗa bututu da totur. Sau da yawa leɓenta na ƙasa yana naɗewa, daga sama ka ga kilif ya ɗaure lafiya, ƙasa kuwa ƙofa ce.

P0507 daban ne, silo ya yi sama. Wannan wankin totur ne ya jawo shi, za mu zo kansa.

Mai Farar Z:
Wallahi Injiniya kamar kana wurin. Leɓen robar ya naɗe ciki ta ƙasa, har ɗan yatsana yana shiga. Na kwance na zaunar da ita, na ɗaure. Tiyon kuma na je J. Allen na samo ɗan guntun haɗi mai baki biyu, babba da ƙarami, na haɗa na sa kilif kowane gefe. Hawa da saukar ta daina. Sai dai allura ta tsaya wajen 1,100 ta ƙi saukowa.

Mai Wayarin:
Madalla. Silon wannan injin wajen 650 yake zama idan ya yi zafi. Totur ɗinsa na lantarki ne, babu igiyar ƙarfe mai jan sa daga ƙafarka. Shekara da shekaru datti yana taruwa a bakinsa, kwamfuta tana ƙara buɗe faifan kaɗan-kaɗan don iska ta wuce. Ka wanke dattin, ita kuma tana nan da tsohon lissafi. Sai an sake koya mata.

Ka bar inji ya yi zafi sosai. Kashe esi da fitilu da rediyo, sitiyari a miƙe, giya a firi. Da farko ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, daƙiƙa biyu, ka kashe ka jira goma, ka maimaita. Sannan ka sake kunnawa ka kashe, ka saurara, za ka ji totur ya yi ɗan motsi shi kaɗai.

Sai babban. Kunna makulli, jira daƙiƙa 3. Taka totur har ƙasa ka saki, sau 5 cikin daƙiƙa 5. Jira daƙiƙa 7. Taka har ƙasa ka riƙe. Wutar cek za ta fara ƙiftawa, kada ka saki, sai wajen daƙiƙa 20 idan ta daina ƙiftawa ta tsaya cak. Ka saki cikin daƙiƙa 3, ka tayar da inji, ka bar shi shi kaɗai. Ka riƙe agogo a hannu, da ƙirgen baki ba ya yiwuwa. Idan bai kama ba ka kashe, ka jira minti ɗaya, ka sake.

Mai Farar Z:
Sai a karo na huɗu ya kama. Yanzu tana 650 zuwa 700, luf. Na goge lambobin, na zagaya ta Western Bypass, ba su dawo ba. Allah Ya saka da alheri.

Oga Bakanike:
Amin. Saura ka juye baƙin mai da filtatai, ko da bai kai lokaci ba. Lita biyar ba ta kai kuɗɗin ringi ba. Kana mu zo ga maganar da ta hi damuna: wagga filta da kas sa, ni ban yarda da ita ba garin ga.

Sarkin Gudu:
Na san za a zo nan. Oga, da girmamawa, duk abin da matashi ya sa wa mota sai ku ce a mayar da na kamfani. Mutum ya sayi motar gudu, ba Corolla ba. Duniya gaba ɗaya ana sa irin wannan bututun a 350Z. Ni shekara ɗaya da rabi ina da shi a tawa motar, ban ga komai ba. Akwatin kamfani an yi shi ne don a kashe ƙara, yana shaƙe inji.

Oga Bakanike:
Ɗana, ba ƙin zamani nikai ba. Shekara ashirin da wani abu ina buɗe injuna. Injin da ƙura ta ci ba shi ɓoyuwa: ka shahwa cikin silinda ka ji ta yi sulɓi kamar madubi, ringi sun yi kaihi, mota tana shan baƙin mai tana hayaƙi. Kuma ba rana guda shika nunawa ba. Shekara ɗaya da rabi ba ta isa shaida ba. Waɗanda kac ce suna sawa duniya, su nawa ka tuƙi cikin hazon da ba ka ganin mai babur gabanka?

Injiniya:
Akwai lissafi mai sauƙi a nan. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone, inji yana shaƙar iska wajen lita 9,000 zuwa 10,000. Tankin wannan motar ya haura lita 70. Ka ninka ka ga yawan iskar da ke bi ta filta a cikin tanki ɗaya kawai. Ko da ɗan abin da ke kuɓucewa kaɗan ne, a wata shida ya zama wani abu. Ƙurarmu kuma ba toka ba ce, akwai garin yashi a ciki, shi ne ke goge ƙarfe.

Filtar takarda, irin ta akwatin kamfani, tana tarewa da ƙananan ramukanta da yawan ninkinta. Irin ta auduga, wato buɗaɗɗiyar nan, ramukanta sun fi faɗi, shi ya sa iska ke wucewa da sauƙi, kuma man da aka shafa mata shi ke kama ƙura. A ƙasa mai danshi wannan ciniki ne mai kyau. A nan, daga Nuwamba zuwa Maris hazo, daga nan bazara da guguwa, sai iskar da ke zuwa gaban hadari a farkon damina ta tashi da ƙasa har gari ya yi ja. Man yana cika da ƙura da wuri ya bushe. Idan ka wanke ka shafa mai ya yi yawa, ya bi iska ya manne wa siririyar wayar sansa, sai ka koma gidan jiya da P0171.

Sarkin Gudu:
To ita takardar da kuke yabo, ina ake samun ta gaske? Ku shiga kasuwa ku ɗaga filta goma a rana, ku ga nawa haske ke ratsawa ta gefe. Roba ba ta zama, gam ya saki, takarda kamar ta littafi. Ni na fi yarda da filtar da na san asalinta, ina wanke ta da hannuna, a kan jabu da ke cikin kwali mai kyau.

Mai Wayarin:
Wannan maganar tasa gaskiya ce, kada a wuce ta. Na sha ganin akwatin kamfani da ƙura kwance a bayan filta saboda robar gefen ba ta rufe ba. Da wani abin da muke yi da kanmu: a kai wa mai faci ya busa ta da iska mai ƙarfi. Tana fita fes, amma an yayyaga ramukan. Filtar takarda ana kakkaɓe ta a hankali ne, idan ta cika a jefar.

Oga Bakanike:
Na yarda da wagga. Jabu ta hi komi muni. Amma maganin jabu a nemo ta ƙwarai, ko Kano ko Legas a aiko, ka sayi biyu ka aje. Ba a ce don ruwan rijiya ya gurɓace a sha na kwata ba.

Hajiya 'Yar Runji:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba masaniyar inji ba ce, motar maigidana ce ta sa nake cikin zauren nan. Tambayata ga mai motar: bayan wannan, salansa za ka canza? Don haka ake farawa. A layinmu akwai yaran da ke wucewa ƙarfe ɗaya na dare mota tana harbi kamar bindiga. Mahaifiyata tana da hawan jini, duk dare sai ta zabura. A halin da ake ciki na tsaro, wanda ya ji irin wannan ƙarar ba mota ke fara zuwa ransa ba. Ga masu juyi da mota ranar ɗaurin aure, yara na tsaye bakin titi suna kallo. Ina roƙonku don Allah, ku da kuka san abin, ku riƙa faɗa wa na ƙasa da ku.

Mai Farar Z:
Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya. Salansata ta kamfani ce kuma haka za ta zauna. Shi wannan bututun ba ya ƙara sai an taka sosai, a cikin unguwa ba za ki bambanta ba. Ni ma gidanmu akwai tsofaffi, kuma masallaci na jikin katangarmu.

Sarkin Gudu:
Hajiya tana da gaskiya a kan na dare. Wannan harbin da gangan ake sa shi, ana taɓa kwamfuta ta riƙa zuba mai yana fashewa cikin salansa. Ba ya ƙara gudu ko kaɗan, yana ƙona kayan salansa ne ma. Ni ba na cikin masu yi, kuma na hana biyu daga cikin abokaina.

Kawu Na Gwiwa:
Allah shi yi muku albarka da kunka amsa mata da ladabi. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba na. Ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Mai Farar Z:
Amin Kawu. Akwai abin da ba a amsa mani ba. Na ce da rana tana nauyi. Ko bayan gyaran haka take. Da Asuba kamar ta tashi sama, ƙarfe biyu na rana kuwa idan na fito daga cunkoson Dandima na taka, sai ta yi jim kafin ta amsa. Da akwatin kamfani ban san ta da wannan ba, ko ban lura ba.

Injiniya:
Wannan shi ne abin da ya fi ƙura saurin nunawa. Ka duba inda filtarka take zaune yanzu: cikin ɗakin inji, bayan lagireto. Duk zafin da fanka ta kwaso daga lagireto da na esi nan take zubar da shi, ga zafin manifol na hayaƙi yana tasowa. Akwatin kamfani rufaffe ne, bakinsa yana gaba yana ɗibar iskar waje. Sunan abin da ka saya bututun iska mai sanyi, amma in babu katanga tsakaninsa da inji, iska mai zafi yake sha.

Iska idan ta yi zafi tana yin sako-sako. Kowane digiri 10 yana rage mata nauyi wajen kashi 3 cikin ɗari, ƙarfin inji kuma da nauyin iska yake tafiya. Wannan injin an rubuta masa doki 287. Idan iskar da yake sha ta fi ta waje da digiri 25, ka yi asarar abin da ya fi duk ribar da aka yi maka alkawari a jikin kwali.

Bai tsaya nan ba. An ƙera injin don fetur mai daraja ta sama, 91 a ma'aunin Amurka, wanda ya yi kusa da 95 a ma'aunin Turai. Mu kuwa kala ɗaya ne a famfo. Iska mai zafi da mai mara ƙarfi su ke sa mai ya fashe kafin lokacinsa, abin da makanikai ke cewa inji yana ƙwanƙwasa. Akwai sansa mai sauraron wannan, da ta ji sai kwamfuta ta ja wutar filogi baya don ta ceci fistin. Wannan jim ɗin da kake ji, mafi yawa shi ne.

Ba sai ka yarda da ni ba. Sansar iskarka tana auna zafi ma. Ka buɗe na'urarka ka nemo zafin iskar shiga, ka rubuta abin da ta nuna a tsaye da kuma a guje. Sannan ka mayar da akwatin rana ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, ka sake rubutawa.

Oga Bakanike:
Ga nawa gwajin na gargajiya. Ka shahwa ɗan giris siriri cikin bututu, can kusa ga totur, nesa da sansa. Bayan sati ka sa hwarin ƙyalle ka goge, ka murza tsakanin yatsu. In ka ji tsaki-tsaki, filta ba ta aikinta.

Ɗan Mabera:
To me zai hana ya sayi dogon, wanda ke sauka bayan bamba? Can ai iskar waje yake sha.

Mai Wayarin:
Kai da ke Mabera ne za ka faɗi haka? Ka san yadda titunanku ke zama a watan Agusta. Motar nan tana da ƙasa sosai. Filta a bayan bamba, ka shiga ruwan da ya kai rabin taya, ko babbar mota ta wuce ta turo maka igiyar ruwa, inji ya zuƙa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Fistin ya taho ya same shi, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta fasa gefen inji. A rani kuma nan ne ƙurar tayar gaba ta fi yawa.

Ɗan Mabera:
Haka ne. Bara a gabana wata ta mutu cikin ruwa, mai ita ya yi ta murza makulli, ashe ƙara kashe ta yake yi.

Sarkin Gudu:
Ni dai har yanzu ban ga dalilin cirewa ba. A yi mata katanga. Mai walda zai yanka falle na alminiyam, a zagaye filta, a sa roba a bakinsa ya haɗu da bonet, a bar tsohuwar hanyar iska ta gaba tana huro mata. A sa mata rigar raga mai tare ƙura. Haka na yi wa tawa.

Injiniya:
Katangar tana taimakawa idan ta rufe da kyau, ban musa ba. Amma ka lura da abin da ka gina: akwati rufaffe mai ɗibar iska daga gaba. Shi ne irin wanda Mai Farar Z ya cire ya ajiye. Idan ƙarfi ake nema a wannan injin na kafin 2007, inda aka san yana da ƙunci shi ne murfin manifol na sama, ya yi ƙasa ta gaba saboda gangaren bonet, silindan gaba ba sa samun iska kamar na baya. Shi ya sa ake sa masa wani siririn zobe a ɗaga murfin kaɗan. Wannan ba ya taɓa filta, ba ya buɗe wa ƙura ƙofa. A 2007 da suka kawo sabon inji mai doki 306 sai suka ba shi totur biyu da hanyar iska biyu, har suka ɗaga tsakiyar bonet.

Ni da tawa ce, a garin da Afrilu ke haura digiri 40, kuɗina na farko kan sanyaya zai tafi: a wanke lagireto ciki da waje, a tabbatar fanka biyun suna tashi, a zuba ruwan lagireto na gaske ba na rijiya ba, sannan a yi tunanin ƙaramin lagireto na baƙin mai.

Oga Bakanike:
Kuma kada wani shi ce ma ka cire tamostat. Suna cirewa wai don zahi, sai inji shi ƙi kai zahin aikinai da sahe, kwamfuta ta yi ta zuba mai.

Mai Farar Z:
Na dawo da sakamako, kwana takwas ke nan. Na juye baƙin mai tun washegari.

Da buɗaɗɗiyar filta, ƙarfe biyu na rana, waya tana nuna gari 41. A tsaye a cunkoso zafin iskar shiga ya kai 72. Da na hau hanyar Bodinga na miƙe, ya sauko 54 ya tsaya. Jiya na mayar da akwatin da tsohuwar filtata, na bi hanya ɗaya, gari 40. A tsaye 58, a guje 45. Jim ɗin ya ragu sosai, ko da yake bai tafi gaba ɗaya ba. Silo bai motsa ba, ban sake koya mata ba.

Gwajin Oga kuma, kafin in cire bututun na goge giris ɗin. Ƙyallen ya yi ja-ja, kuma na ji tsaki a yatsa. Ba da yawa ba, amma na ji. Sati ɗaya kacal.

Ba zan ɓoye ba, raina yana son kukan nan, na yi kewarsa tun jiya. Kuma kyautar ƙanena ce, daga kuɗin makarantarsa ya yi tsimi ya saya. Na kira shi na yi masa bayani, ya ce in yi abin da zai raya motar.

Sarkin Gudu:
Lambobinka na gani, ban musa ba. Amma taka ba ta da katanga ba ta da riga, ba a gwada irin tawa ba. Kuma tsakin na iya zama filtar ta zo da ƙarancin mai daga kwali. Zan yi gwajin giris a tawa in kawo nan, duk abin da ya nuna zan faɗa.

Injiniya:
Haka ake so. Ka haɗa da zafin iska, a tsaye da a guje, ka rubuta zafin gari na ranar.

Mai Farar Z:
Tambaya ta ƙarshe. Bututun ƙarfen da kansa, daga sansa zuwa totur, zan iya barinsa in haɗa shi da akwatin kamfani? Ko kyautar ba ta tafi a banza ba.

Mai Wayarin:
Ya danganta da inda sansar take zama. Ka auna faɗin cikin wurin zamanta a sabon da tsohon. In ba ɗaya ba ne, lissafin kwamfuta zai karkace ko babu ɗigon iska. Mafi aminci ka bar sansar a gidanta na asali jikin akwati, ƙarfen ya fara daga bayanta. Bayan kwana biyu ka duba yawan man da kwamfuta ke ƙarawa a na'urarka, in ya wuce kashi 10 akwai inda ke shan iska. Ka sani kuma ƙarfe ya fi roba ɗaukar zafi, sai ka naɗe shi.

Mai Farar Z:
Zan auna yau da yamma. Wani abu kuma, da nake mayar da akwatin na ga ɗaya daga cikin robobin da yake zama a kansu ta ɓace, yana ɗan girgiza.

Oga Bakanike:
Kada ka bar shi hakanan, girgiza ka tsaga wuyan akwati. Ina da irinta cikin tarkacen Nissan, ta Murano ko Altima wata na shiga. Ka taho Asabar da sahe kahin rana ta yi, ka zo da bututun da kilif ɗinai duka mu gwada. Sarkin Gudu, kai ma taho da taka in ga katangag ga da idona.

Sarkin Gudu:
In sha Allah Oga, ƙarfe takwas ina nan.